Farar Tsatsa

A bayan a-kori-kura aka kawo shi Dilimi,
ɗaure da igiyar guga, kamar ragon da ya ƙi kasuwa.
Kangyang ta sauko tana riƙe da madubinsa a jaka.
Ta ce, na babana ne.
Shekara ashirin da shida yana jingine da rumbun acca,
kaji har ƙwai sun saka a kan sirdinsa.

Na kwance wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya,
talatin da shida, na zuba a gwangwanin madara.
Da cibiyar ta faɗo tafin hannuna
sai hannun ya yi sama da kansa:
na shirya wa nauyi, nauyi bai zo ba.

Na matsa lemon tsami a gefenta, ɗigo guda.
Ya yi kumfa, ya yi tsaki.
Na ce, Tanimu, ajiye burushin wayar nan.
Wannan ba alminiyam ba ne, maganiziyam sunansa,
ba ya ga maciji da baƙin ƙarfe, ba ya shiri da ruwa.
Tsatsarsa ma ba ja ba ce irin ta kowa,
fara ce, kamar kanwa a bakin tukunya.

Kwana uku ina fiɗar fenti.
Baƙi a sama, mai kauri, aikin gaggawa,
an shafa shi da gashin kaza ko da tsumma.
Ƙarƙashinsa kore, irin na ƙofofin kamfanin kuza,
da alama ragowar gwangwani ce ta bi wani gida.
Can ƙasa kuma ruwan zinariya,
siriri kamar fatar albasa,
na masu ƙira, waɗanda ba su taɓa jin sunan Bukuru ba.

Sanfefa mai laushi, kananzir kaɗan,
hannu na tafiya kamar mai shafa kan jinjiri.
Garin da ya zuba ba na barin sa ya kwana.
Tanimu ya saci tsunkule guda, ya watsa a murhun mai shayi,
haske ya tashi fari fat, har awaki suka watse.
Mai shayi ya rarumo buta, na daka masa tsawa:
yashi! Wannan wutar ruwa abincinta ne.

Ran Laraba, hadari na haɗuwa ta kan duwatsun Shere,
na jiƙa cibiyoyin da kananzir, na goge, na barbaɗa alli.
Ta gaba ta zauna fara tas.
Ta baya, kusa da gurbin boris,
wani layi ya fito a hankali,
siririn gashi, tsawon ƙumbar babban yatsa.

Na daɗe ina kallon sa.
Fenti zai rufe, na sani.
Baki uku na feshi, babu idon da zai gani,
sai ranar da aka taka birki a gangaren Hawan Kibo.

Da ta zo na nuna mata da tsinken ashana.
Ba ta ce komai ba, ta kai yatsa ta bi layin.
Can ta ce, ranar da ya faɗi ne, da ni a baya,
ya ce wa mama santsin laka ne kawai, babu abin da ya fashe.
Ta yi dariya, ta share ido da bakin gyale.

Ta gaba na yi mata shimfiɗa tun ƙarfen bai sha iska ba,
don tsiraicinsa ba ya jure ko wuni ɗaya a damina,
sannan zinariya, baki biyu, na rataye ta a ƙusa.
Ta baya Kangyang ta ce kada in shafa mata komai.
Ta naɗe ta a jarida, da allinta, ta sa a jaka kusa da madubi.

Babur na nan a kan bulo biyu.
Na aika Kano, na aika Onica, a duba mini wata.
Ruwa ya sauko, kwano na ta ƙara,
Tanimu na wanke wayoyi talatin da biyar.
Ɗaya ta ɓata, yana ta rantsuwa ba shi ba ne.